Tambarin Zauren Baffa: Littafin Aikin Ƙungiyarmu ta Masu Kayan Ado a Gusau

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau bayan la'asar muka yi zama na farko a zauren Baffa da ke Tudun Wada. Mu goma sha huɗu ne: maƙeran fari biyar, dukawa uku, sai mu mata shida masu shirya duwatsun wuya da jigida. Mu matan muka zauna daga soron ciki, aka ɗage labule yadda za mu ji juna. Ni aka ɗora wa rubutu, kuma a takarda nake fara yi kafin in juye a waya. Duk wanda yake Gusau a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, ba zai ƙara yarda ya bar lissafinsa cikin waya kaɗai ba.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Baffa zai yi kwana uku kan munduwa ɗaya, dillali ya zo ya biya kuɗin ƙarfe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kai Abuja ya ce daga Agadas ta fito. Aikin Buzaye yana da kyau, ba mai musu, amma wannan ba nasu ba ne, na Baffa ne, kuma sunansa ba ya bin kayansa ko bakin tasha. Ga kuma kasuwa ta cika da daham da kayan kwali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wanke tagulla da ruwan azurfa su sayar da sunan azurfa. Sun ɓata mana suna har mace ta gwammace ta sayi na kwali, ta san ƙarya ta saya, da ta sayi namu tana shakka.

Mun tsayar da kuɗin shiga naira 2,000, kuɗin wata naira 1,000. Sai da Hajiya ma'aji ta maimaita sau biyu cewa wannan ba adashi ba ne, ba mai kwasa, kayan aiki za a saya na kowa da kowa. Da za a tashi Baffa ya ɗaga murya ta bayan labule ya ce, "Ɗiyata, rubuta wanga da kyau. Abin da duk munka ce azurfa ta, to ta zan azurfa." Na rubuta shi a shafin farko.

Asabar, 28 ga Disamba 2024

Zaman yau ya yi zafi. A makon jiya gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun watan Afrilu na 2019, sai biyu daga cikin samarin maƙeranmu suka kawo shawarar mu shiga aikin gwal. Hujjarsu tana da ƙarfi: a gwal kuɗin yake, kayan lefe duk gwal ake nema, ga shi kuma a ƙasarmu ake tono shi.

Gwaggo, wadda ta girme mu duka a cikin mata, daga wajen Anka aka auro ta. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta tuna mana 2010, lokacin da ake kawo duwatsun gwal cikin gida ana niƙawa, wani lokaci ma da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar dalma ta bi tsakar gida da ɗakuna inda yara ke rarrafe. A Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara gano abin, suka shafe shekaru suna yi wa dubban yara magani, Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Gwaggo ta ce ta yi wankan gawar jikokin ƙanwarta biyu cikin mako ɗaya. Daga nan zauren ya yi tsit.

Ba mu ce aikin gwal haramun ba ne, kowa yana da ikon karɓar gyaran sarƙa ko zobe a rumfarsa. Amma ƙungiya ba za ta sayi ɗanyen gwal ba, ba za a niƙa dutse ko a ƙona shi a gidan ɗan ƙungiya ba. Muka ƙara doka ta biyu ƙarƙashin ta Baffa: dalma ba ta shiga duk abin da zai ɗauki sunan ƙungiya.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Kuɗin wata biyu sun saya mana ƙaramin sikeli mai batir, irin mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Ɗan Hajiya ma'aji da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ya zo ya koya mana gwajin ruwa, kuma na ga ya kamata in rubuta shi dalla-dalla don 'yan ƙungiya da ba su samu zuwa ba.

Za ka fara auna abin a bushe, ka rubuta. Sai ka ɗora kofin ruwa kan sikeli ka mayar da shi sifili. Ka ɗaure abin da siririn zare, ka zura shi cikin ruwan har ya nutse, amma kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da ta fito ita za ka raba nauyin farko da ita. Azurfa tsantsa tana ba da 10.5, azurfar da ake kira 925, wato mai azurfa kashi 925 cikin dubu, tana ba da wajen 10.3, jan ƙarfe 8.9, tagulla wajen 8.5, sanholo kuwa 2.7 kacal.

Na kawo awarwaron da wata maƙwabciyata ta saya a matsayin azurfa don bikin ɗiyarta. A bushe giram 31, a ruwa 3.6. Da aka raba ya ba da 8.6. Baffa ya karɓa, ya goga magagari a cikin lanƙwasar inda ido ba ya kai wa, sai ga rawaya ta leƙo daga ƙarƙashin farin. Tun kafin nan ma ya riga ya sake shi kan uwar maƙera ya saurari ƙararsa, ya girgiza kai. Shi kunne da magagari sun ishe shi, shekara hamsin yana yi. Amma mai saye ba ta da kunnen Baffa, lamba kuwa ko yarinya za ta iya karantawa, amfanin sikelin ke nan.

Daga nan ya shiga ciki ya fito da wani tsumma a ƙulle. Tsohon kuɗin azurfa ne na Mariya Tiriza, mai kan mace a fuska ɗaya da tsuntsu mai kai biyu a ɗayar, wanda mahaifinsu, wato kakana, ya bari. Kusan duk irin wannan kuɗi shekarar 1780 ce a jikinsa, ko da an buga shi shekaru ɗari bayan haka, nauyinsa giram 28, azurfarsa kuwa kashi 833 cikin dubu. Irinsa maƙeran da ke narkewa su yi mundaye da zobba. Da muka gwada ya ba da 10.2. Wannan ya nuna mana iyakar gwajin: zai kama tagullar da aka wanke, amma tsakanin 833 da 925 tazarar ta yi kaɗan ga sikelinmu, musamman a ƙaramin abu kamar ɗan kunne. Ɗalibin ya ƙara gargaɗi ɗaya. Dalma ta fi azurfa nauyi, 11.3 take bayarwa, don haka mai ha'inci zai iya cuɗa ta da ƙarfe mara nauyi lambar ta zo daidai. Sikeli ba ya korar magagari.

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Tambari ya iso. Wani maƙerin baƙi ne ya sassaƙa mana shi a kan guntun ƙarfen sifirin na mota, ɗan ƙaramin zane mai kamar bakin zaure. Kowane maƙeri kuma zai buga tasa alamar a gefe, yadda ko kaya ya kai Legas za a san hannun da ya fito.

An yi gardama kan lambar 925. Wasu na so a buga ta a kan komai tunda masu saye sun san ta. Na ƙi, Baffa ma ya ƙi. Yawancin azurfar da ke hannunmu tsofaffin kaya ne ake narkewa, ba wanda ya san abin da aka zuba musu tun zamanin kakanni. Muka tsaya a kan cewa 925 sai ga wadda maƙeri ya haɗa da hannunsa gaban shaida: giram 37 na azurfa tsantsa, giram 3 na jan ƙarfe, ya tashi 40. Sauran a rubuta a katinta "tsohuwar azurfa", shi ke nan.

Takardun rajistar ƙungiyar gama kai na kai su tun makon jiya. An ce in dawo.

Asabar, 15 ga Maris 2025

Yau azumi goma sha biyar, zaman safe muka yi. Aikin Sallah ya taso, kowa hannunsa cike.

Maganar farashi ce ta ci lokacin, kuma a nan ne na ga inda mu mata muka daɗe muna cutar kanmu. Na tambayi ƙanwata a ƙungiya nawa take sayar da jigida mai zagaye biyar. Ta faɗa. Muka cire kuɗin duwatsu da zare da kuɗin Keke zuwa kasuwa, abin da ya rage bai kai kuɗin katin waya na kwana ɗaya ba, alhali daga azahar zuwa isha'i take kanta, har idonta na ruwa. Ba ta taɓa sa lokacinta cikin lissafi ba, a ganinta ai zaune take a gida. Yanzu kowane kati yana da layi uku a baya waɗanda mai saye ba ya gani: kuɗin kaya, sa'o'in aiki, kason ƙungiya. Gwaggo ta ce ba za a saya ba in an ƙara. Na ce mu gwada a Sallar nan mu gani.

Katin gaba kuwa yana faɗin gaskiyar dutse. In gilas ne irin na Masagan Bida, waɗanda ke narka kwalabe su yi duwatsu, a rubuta gilas. In roba ce mai kamar murjani, a rubuta roba. Allura mai zafi tana raba gardama nan take, ita robar tana lotsawa ta yi wari.

Dukawa sun kawo samfurin 'yar jaka da za mu riƙa sa kaya a ciki maimakon kwalin roba. Fatar jan akuyar Sakkwato ce, an jeme ta da bagaruwa, an rina da karan dafi, bakinta da 'yar igiya. Irin fatar nan ce ayari ke ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Hotunan da muka ɗauka a kan farin zane, a inuwar zaure da hantsi, sun fi na cikin ɗaki nesa ba kusa ba. An sa su a WhatsApp da Facebook.

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, Allah ya maimaita mana. Kaya 63 suka fita da tambari. Jigida ta ƙare tun kwana uku kafin Sallah duk da ƙarin farashi, Gwaggo da kanta ta faɗa a zaure tana dariya. 'Yan kunnen jarirai na azurfa su ma sun tafi sosai, biyu-biyu muka yi su, wato ma'aurata goma sha biyu, ba ko ɗaya da ya rage.

Asara ɗaya: ƙunshin zobba huɗu da muka ba wani direba zuwa Kaduna bai isa ba, ya ce an tare hanya wajen Tsafe kowa ya watse, kaya suka salwanta. Allah ne masanin gaskiya, hanyar dai kowa ya san halinta. Ƙungiya ta biya maƙerin rabi daga asusu, ya sake yi wa mai kayan wasu. Daga yau ba a ba da saƙo sai an ɗauki hoton ƙunshi da lambar mota a tasha.

Mutum biyar sun shigo, biyu daga Talata Mafara, ɗaya daga Ƙaura. Mun zama goma sha tara.

Asabar, 17 ga Mayu 2025

Na daɗe riƙe da biro kafin in fara rubuta na yau.

Shekaranjiya wata mata ta dawo da ɗan kunnen jaririyarta, sandar da ke shiga kunne ta cire daga jikin furen. Na kai wa Baffa don gyara. Ya juya shi a tafin hannu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Wurin haɗin ba fari ba ne kamar sauran jikin, toka-toka ne, ya dushe. Ya sa bakin wuƙa ya kankara, abin ya yanku kamar sabulu. Sai ya ce in miƙo littafina. Ya goga wurin a gefen wannan shafin, ya bar layi baƙi-baƙi kamar na fensir. Layin yana nan ina kallonsa yanzu. Ya ce, "Dalma ta, ɗiyata." Ga tambarinmu a bayan furen, ga alamar maƙerin a gefensa.

Ƙaramin maƙeranmu ne, yaron da nake ji da shi kamar ƙanena, wanda ya fi kowa zuwa zama da wuri. Da aka kira shi bai yi musu ba. Ya ce sandar ɗan kunnen jarirai siririya ce ƙwarai, in ya sa ta a wutar gawayi yana hura wa da bututu, kafin sinadarin haɗin azurfa ya narke ita ta riga ta narke ta dunƙule. Ya ɓata guda biyar a dare ɗaya, ga Sallah saura kwana huɗu, ga mata na aiko yara suna tambaya. Sai ya je wurin abokinsa mai gyaran rediyo ya aro ƙarfen nan mai zafi da wayar liƙi. Ita wannan waya kuza ce da dalma, tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, alhali haɗin azurfa sai ya haura 600. Cikin sa'a ɗaya ya gama duka. Ya ce, "Wallahi Yaya, ban ɗauka ɗan ɗigon nan wani abu ba ne."

Na san ɗigo ne. Na kuma san dalma ba ta fata take shiga jiki ba, ta baki ko ta numfashi take bi. Amma jaririya ce. Ɗan kunne yana cirewa, ga shi ma ya cire, kuma duk abin da hannun yaro ya kama baki yake kai wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ne a hankali ba tare da an ga alama ba. Mu da muka zauna a zauren nan muka ji Gwaggo, muka rubuta doka da hannunmu, mu ne muka sa wa 'ya'yan mutane ita a kunne cikin jakar fata mai kyau. Laifin bai tsaya kansa shi kaɗai ba. Ni na buga kati, ni na karɓi kuɗi, kuma ba wanda ya duba kayan kafin a buga tambari saboda muna sauri.

Asabar, 24 ga Mayu 2025

Kowa ya zo, har na Talata Mafara. Ra'ayi ya rabu uku. Wasu suka ce a kore shi. Wasu suka ce a rufa asiri, a gyara na wadda ta dawo da shi a yi shiru, don in magana ta fita ƙungiya ta mutu tun ba ta yi shekara ba. Hajiya ma'aji tana cikin masu wannan ra'ayi, kuma na fahimce ta, ita ta san abin da ke asusu.

Gwaggo ce ta warware. Ta ce a 2010 ma ai da farko shiru aka yi, kowa na tsoron a hana shi abincinsa. Ta ce in ba za a bi gida-gida a karɓo ba, a cire sunanta yau. Baffa kuma ya ƙi maganar kora. Ya ce yaron bai iya ba ne, kuma shi da ya iya bai koya masa ba. "In kunka kore shi, gobe rumfa zai buɗe bakin kasuwa da wayar rediyo tai, wa ad da ikon hana shi?"

Ga abin da aka tsayar. Za a karɓo duka ma'aurata goma sha biyun, a ba kowa sabo ko kuɗinta, a kuma faɗa mata dalili ba tare da kwana-kwana ba. Tsofaffin ba za a mayar da su kasko ba, domin dalma in ta shiga narkakkiyar azurfa tana sa ta gautsi, ta ɓata duk abin da ke ciki. An karɓe alamarsa na wata uku, zai zauna gaban Baffa. Tambarin ƙungiya zai koma akwati mai makulli biyu, ba a buga shi sai mutum biyu da ba su yi kayan ba sun duba kowane haɗi. Kuɗin da muke tarawa na hayar rumfa kuma za a karkatar da su a sayi abin hura wuta na gas mai siririn harshe.

Da dare na rubuta sanarwar na sa a WhatsApp da Facebook. Sau huɗu ina gogewa, don duk lokacin da na karanta sai in ga na sassauta wata kalma.

Asabar, 14 ga Yuni 2025

An yi babbar Sallah ranar 6 ga wata, ciniki bai kai rabin na ƙaramar ba. Mutum biyu sun fita daga ƙungiya.

Littafin nan ya yi rana, don kowane ciniki na rubuta unguwa da lambar waya. Mun karɓo tara. Uwa ɗaya a Samaru ta wanke ni tas a tsakar gidanta gaban kishiyoyinta, na tsaya na saurara har ta gama, tana da gaskiya. Wata a Birnin Ruwa kuwa ta karɓi sabon, ta kuma ba da aikin mundaye biyu nan take, ta ce ba ta taɓa ganin mai sayarwa ya biyo ta gida da kansa ba. Duk wadda muka je wa mun ce in ɗan kunnen ya taɓa cirewa ko yarinya ta sa a baki, ta kai ta asibiti ta faɗi abin da ya faru. Saura uku.

Asabar, 2 ga Agusta 2025

Ruwa ya hana zama makonni biyu, zauren na yoyo ta kusurwar gabas. Gawayi ya jiƙe, ya yi tsada.

Abin hura wutar ya zo daga Kano, kuma ya sauya aikin. Na tsaya na kalli Baffa yana koya wa yaron. Ya yanka haɗin azurfa ƙanana kamar ƙwayar gero, ya shafa sinadarin da ke taimaka wa haɗin ya kama a wurin, ya ɗora ƙwaya ɗaya da bakin tsinke. Ya ce kada ya nufi sandar da wuta, furen zai zagaya da ita, shi ne mai kauri, in ya ɗauki zafi shi zai jawo haɗin. Sinadarin ya kumbura ya yi fari, ya kwanta ya zama kamar ruwa, sai ƙwayar ta yi wal ta bi gindin sandar ta zagaye. A daidai nan ake janye wuta, ƙiftawar ido ɗaya in aka ƙara an yi asara. Aka tsoma shi a ruwan tsamiya mai ɗumi da lemun tsami, aka goge da toka mai laushi. Ranar farko ya ɓata uku, jiya ya yi takwas a jere ba kuskure.

Wani abin da ban zata ba: ƙanwata mai jigida ta ce ita ma tana so ta koya. Ƙira a wurinmu gadon maza ce, ban taɓa ganin mace gaban zugazugi ba. Amma wannan ba zugazugi ba ne, ba masaɓa, abu ne da za a yi a kan tebur a tsakar gida. Baffa ya yi shiru ya ce sai ya yi shawara da mijinta da sauran maƙera. Bai ce a'a ba. In ta iya, mu mata za mu daina sayen maƙullan sarƙa na kwali waɗanda ke yin tsatsa su ɓata mana aiki.

An samo biyu cikin ukun da suka rage. Takardar rajista ma ta fito, mun buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuɗi sun bar ƙarƙashin katifar Hajiya.

Asabar, 18 ga Oktoba 2025

Azurfa ta yi tashin da ba mu taɓa gani ba. A wannan watan ta haura dala 50 kan kowane oza a kasuwar duniya, oza kuwa giram 31.1 ne, ta wuce inda ta taɓa kaiwa a 1980. Gwal ma ya haura dala 4,000. Mai kawo mana azurfa tsantsa daga Kano yanzu ba ya faɗin farashi sai ranar da za a biya. Abin da ya fi damuna, mata sun fara fito da tsofaffin mundayen iyayensu suna sayarwa a narke. Baffa ya ƙi narka wata mai zanen da ya ce rabon da ya ga irinsa tun yana yaro, ya ɗauki hotonta ya roƙi mai ita ta ƙara haƙuri.

Dole muka juya ga tagulla da jan ƙarfe haɗe da fata, kuma 'yan mata suna son su. Sai dai nan ma akwai tarko. Tagullar da ake samu wurin 'yan gwangwan, kan famfo da kwado da makullai, yawanci akwai dalma a cikinta, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, masana'antu ke zuba ta don ƙarfen ya yi sauƙin yanka. Ba a ganinta da ido, sikeli ma ba ya nunawa. Don haka mun hana narka irin wannan. Jan ƙarfe daga wayar lantarki muke samu, shi tsantsa ne, kuma sai daga shagon da ke ba da rasit, kada mu wayi gari da wayar sata a hannu. Tagulla kuwa sai falle sabo wanda mai shi zai iya faɗin haɗinsa. Kayan jarirai azurfa kawai, ko da guda biyu za mu iya yi a wata.

An mayar wa yaron alamarsa tun ƙarshen Agusta. Yanzu shi ne ɗaya daga cikin masu duba haɗi, kuma ya fi kowa tsanani, makon jiya ya mayar wa Baffa kansa da zobe.

Asabar, 22 ga Nuwamba 2025

Saura mako biyu mu cika shekara. Mu ashirin da uku ne yau. Ƙanwata ta yi zama na huɗu gaban Baffa, a soron ciki, mijinta ne ma ke kawo ta a babur. Maƙullin sarƙa na farko da ta haɗa yana wuyan Gwaggo.

Ɗan kunne na goma sha biyu har yanzu bai dawo ba. Wata baƙuwa ce ta saya ranar jajibirin Sallah, na rubuta "Shinkafi" kawai, lambar da ta bayar kuma ba ta shiga tun watan Mayu. An ce mutanen ƙauyensu sun tashi saboda 'yan bindiga, wasu na Ƙaura, wasu sun wuce Sakkwato. Ɗan ƙungiyarmu na Ƙaura yana cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis in hanya ta yi kyau. Na ba shi hoton furen da sabon ma'aurata a jakar fata, zai bar saƙo wurin masu sayar da kayan jarirai da wurin unguwarzoma biyu da ya sani.

Zama na gaba 6 ga Disamba. Za a karanta lissafin shekara, a sake zaɓen masu riƙe makullan tambari, a kuma yanke shawara kan rufin zaure kafin kuɗin kwano su ƙara tashi. Wanda ake bi kuɗin Oktoba ya zo da su.